Ledar da Ba Ta Cika Ba

Ku yaran da kuke koyon aikin ɗakin gwaji yanzu, na san abin da kuke faɗa a kan ɗibar jini idan kun koma gefe. Wai ai ba wani aiki ba ne, ka ɗaure damtse, ka soka allura, leda ta cika, ka rubuta suna ka jefa a firji. Wani daga cikinku ma cewa ya yi da ni ko mai faci zai iya. Ban yi masa musu ba, don mai faci ya san iya iskar da taya take ɗauka. Tambayarsa na yi, ɗan ruwan nan da ke kwance a gindin leda tun kafin jini ya shiga, na mene ne? Ya ce maganin hana jini daskarewa ne, yana jiran in yaba masa. Na ce to don jini nawa aka auna shi? Nan ya fara sosa ƙeya.

Abin da ya tayar mini da wannan magana wayar da wata tsohuwar ɗalibata ta yi mini ce kwanan baya. Tana aiki a wani babban asibiti inda ake dashen ɓargo. Kun san a cikin ɓargo jini yake samuwa, to su sai su ɗebo irin da ke haifar da jinin daga jikin mai lafiya, su sa wa mai sikila, irin ya je ya kama ya fara ba shi jini mai kyau. Ta ce cikin abubuwan da suke kaffa-kaffa da su har da maganin nan, domin in babu shi abin da aka ɗebo zai zama guda, in kuma ya yi yawa, ko irin ya daɗe a cikinsa, sai ya raunana tun kafin ya isa jikin mara lafiya. Ni ban taɓa ganin dashen ɓargo da idona ba, ba zan yi muku ƙaryar sani ba. Amma tana magana ina ganin ɗakinmu na Haɗejiya, da wata leda da ba ta cika ba.

Na shiga aikin a farkon shekarun tamanin, muna jihar Kano, ba a yanke Jigawa ba. Maigidana a wurin aiki Mista Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna, gajere, mai farar rigar da ko ɗigo ba ka gani a jikinta. Ya tambayi sunana, na ce Salisu. Ya ce to Salisu, ga kwalabe can. Wankin kwalba kaɗai na yi har damina ta wuce, don a lokacin leda ba ta wadata ba, a kwalbar gilashi mai murfin roba ake ɗibar jini. In na wanke sai ya ɗaga ta a hasken taga, in ya ga ko alamar sabulu ya mayar mini in sake. Shi da kansa yake auna maganin ya zuba a kowace kwalba, sannan a turara su a tukunyar ƙarfe a kan risho. Idan yana awo ba a yi masa magana, ko likita ne ya leƙo sai ya jira.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Madubin duba ƙwayoyin jini guda ɗaya ne, da hasken rana yake aiki, shi ya sa teburinsa yake jikin taga. Akwai farar tayil da muke gwada rukunin jini a kanta da ruwan gwaji kala biyu, shuɗi da ruwan ɗorawa. Akwai firji mai kananzir, kullum sai ka durƙusa ka leƙa lagwaninsa, in harshen wutar ya yi ja maimakon shuɗi to ranar ba ka da kwanciyar hankali. Sai sikeli mai ƙugiya irin na masu sayar da kifi, wanda muka koma rataya leda a kansa bayan an daina kwalba. Leda tana yaudarar ido, takan kumbura ka ce ta cika alhali da saura, shi ya sa ba ma ɗiba sai da sikeli.

Wata rana wani mai ba da jini ya tsorata ana tsakiyar ɗiba, ya fizge hannu ya fita da gudu, ya bar mana kwalba ko rabi ba ta kai ba. Na ce ai wannan ya ishi yaro ƙarami. Mista Yohanna bai yi faɗa ba. Ya ɗebi ɗigo a wannan kwalba, ya ɗebi wani a cikakkiya, ya shafa a gilashi biyu ya ce in leƙa. Na cikakkiyar ƙwayoyin suna nan sumul, na ɗayar kuwa da yawa sun canja kama. Ya ce, "Maganin nan don cikakkiyar kwalba aka auna shi. In jini ya yi kaɗan, magani ya fi ƙarfinsa. Kuma ba nan ya tsaya ba, in ya shiga jikin yaro ƙarami zuciya yake nufa." Sannan ya ba ni labarin wani jariri da ya gani a inda ya yi aiki kafin ya zo Haɗejiya, an sa masa irin wannan jini don ana sauri. Yatsunsa suka ƙanƙame, leɓensa ya riƙa rawa, kafin a farga zuciya ta tsaya. Sau ɗaya ya ba ni labarin, ni ma ban nemi ƙari ba. A ranar ya nuna mini cewa in tun farko ka san jini kaɗan za ka ɗiba, sai ka rage maganin daidai da shi kafin allura ta shiga. Bayan jini ya shiga kuwa babu gyara.

Wahalar aikin dai a wurin mutane take. Mutanenmu na fadama ba su da rowa, mutum zai ba ka kwaryar shinkafa da bandar kifi bai san sunanka ba, amma jini daban ne. Manomi gani yake ƙarfinsa kake zuƙewa, kuma da ƙarfin yake ci. Wani tsoron iyali yake, wai zai koma gida ba shi da amfani. Ga jita-jitar cewa muna ɗiba fiye da kima mu sayar. Saboda haka Mista Yohanna ya kafa wata al'ada, duk wanda za a ɗebi jininsa, babban gidansu ya shigo ya zauna a kujera ya gani da idonsa, daga shigar allura har fitarta, ya kuma raka ledar zuwa gadon mara lafiya. Kujerar manya muke ce mata. Ta samo mana jini ba kaɗan ba, kuma ko bayan an yi wa Mista Yohanna canjin wurin aiki ban ɗauke ta ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta a ƙarshen shekarun tamanin ce, ni kaɗai ne a ɗakin. Damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya tumbatsa, daga Auyo har Miga labari ɗaya ne, ruwa yana cin gonaki. Motar da take kawo mana kaya ba ta zo ba, aka ce hanya ta yanke. Ga zazzaɓin cizon sauro ya sa yara a gaba, ɗakinsu ya cika har ana shimfiɗa a ƙasa, kuma kusan duk wanda aka kawo idonsa fari fat. Leda ta riƙa ƙarewa ina kallo. Ranar da abin ya faru biyu suka rage a kabad, firji kuwa babu jini ko ɗigo a cikinsa.

Da hantsi Sista Rifkatu, mai kula da ɗakin yara, ta shigo da ɗan jini a kwalbar gwaji, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Malam Salisu, duba mini wannan yanzu-yanzu. Falmata ce, mai sikilar nan ta bayan Auyo." Na san yarinyar, ba ta wuce shekara shida ba, an taɓa kawo ta da ciwon ƙafa. Da ganin jinin na san inda aka kwana, kamar ruwan wankin nama yake. Na je na leƙa ta. Tana kwance a cinyar uwarta, numfashi sama-sama, tafin hannunta fari, an kira sunanta ba ta juyo ba. Likita ya riga ya gan ta kafin ya shiga tiyata, ya ce a sa jini da zarar an samu. Sista ta ce mini a hankali, "Ba na jin za ta kai la'asar."

A baranda na tarar da mazan gidansu, ƙafafunsu duk laka har gwiwa, a kwalekwale suka fito da ita har inda suka samu mota. Babbansu Baba Maina ne, kakan yarinyar, dogon tsoho busasshe, mai idon da ba ya sauka daga kan mutum. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan tayil. Uban bai dace ba, uwar ma haka, sauran ma haka. Ni da Sista ma rukuninmu ba ɗaya ba ne da yarinyar. Mutum ɗaya ne ya dace, Bukar, ƙanin uban, saurayi ƙaƙƙarfa, shi ya tuƙo kwalekwalen. Tsohon ban gwada shi ba, don ba a ɗibar jinin mai irin shekarunsa.

Da na faɗa musu, Baba Maina ya ce, "Nawa za ka ɗiba, Likita?" Duk mai farar riga likita ne a wurinsu. Na ɗauko ledar na nuna masa. Ya jujjuya ta a hannu, ya girgiza kai.

"Wannan duka a jikin mutum ɗaya? A'a. Mu a gidanmu ba a bar wa mutum ɗaya kaya. Ga su nan, kowa ya zuba kaɗan har ta cika."

Na ce, "Baba, ba a gayyar jini. Leda ɗaya, mutum ɗaya. In na haɗa nasu a ciki, shi zai kashe ta."

"Ba ni na haife su ba? Jinina ne duka."

"Haka ne, Baba, amma ka ga tayil ɗin nan da idonka. Nasu ya yi tsaki-tsaki, na Bukar da na Falmata suna nan sumul."

Kada ku ɗauka gardama kawai tsohon nan yake. Ruwa yana bakin ƙauyensu, jinga ce kaɗai tsakanin kogi da shinkafarsu, kuma kwana da kwanaki mazan garin suna kanta suna ɗora ƙasa. A can kowa kwandonsa yake ɗauka, babu wanda ake bar wa aikin mutum biyu, da haka jingar take tsayawa. Bukar kuwa shi ne mai shiga ruwa ya toshe ɓaraka. Tsohon ya ce in aka zuƙe Bukar wa zai shiga? Abincin shekara na gida guda yake magana a kai. Na rantse masa leda ɗaya ba ta kayar da namiji, ya sha ruwa ya huta, gobe ya tashi. Bukar da kansa ya ce, "Baba, a ɗiba, yarinyar nan tafiya take." Sai tsohon ya shigo ya zauna a kujerar manya.

Na haɗa jinin Bukar da na Falmata a kwalbar gwaji, suka zauna lafiya. Na tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci. Sai daga baya na ji tun jiya babu abin da ya shiga cikinsa, tsoro ya yi kada in ƙi ɗiba. Na ɗaure damtse, jijiya ta tashi, allura ta shiga, jini ya biyo tiyo ya fara sauka. Na rataya ledar a sikeli ina motsa ta a hankali don jini ya gauraya da magani. Tsohon bai kalli ɗansa ba, ledar yake kallo tana kumbura.

Ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba sai na ga gumi ya keto wa Bukar a goshi. Ya ce, "Ɗakin yana juyawa." Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai ka ɗaga ƙafafun mutum ka yi masa fifita. Na sunkuya zan tura matashi ƙarƙashin ƙafarsa, idon Bukar ya juye ya yi fari. Kafin in ɗago Baba Maina ya taso ya kama tiyon ya fizge. Allura ta fita ta faɗi ƙasa, jini ya tsartu a rigata da bango.

"Ya isa! Za ka kashe mini ɗa!"

Na danne hannun Bukar da auduga, na matse tiyon, na ƙwala wa Sista kira. Aka ɗaga ƙafafunsa, aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo ya yi amai. Na kalli sikeli, na san abin da za a ce mini.

Tsohon yana haki ya nuna ledar. "Ga shi nan. Kai mata. Ita 'yar mitsitsiya ce, wannan ya ishe ta."

Kuma fa a wajen yawa bai yi ƙarya ba, abin da ke cikin ledar ya kusa abin da likita ya ce a sa mata. Nan ne mugun wurin. Jini ja, mai ɗumi, na baffanta, yana hannuna, ga yarinya tana mutuwa a ɗaki na gaba. Sista Rifkatu ta ja ni gefe ta ce ko za a rataye ledar ƙwayoyin su kwanta, a zubar da ruwan sama? Na ce kafin su kwanta la'asar ta wuce, ga allura ta sha ƙasa tiyo a buɗe. Ta san haka, mafita take nema kamar ni. Na juya na ce, "Baba, ba zan sa mata wannan ba."

Baranda ta hargitse. Uban yarinyar ya leƙo ta taga yana cewa dama an faɗa musu, ɓoyewa zan yi in sayar. Wani ya ce a ɗauke ta a tafi, ta mutu a ɗakin uwarta. Baba Maina bai ɗaga murya ba, matsowa ya yi har ina jin warin laka a jikinsa.

"Ka zubar da jinin ɗana a bango, sauran kuma ka hana jikata. Faɗa mini dalili, yaro. In babu dalili, da hannuna zan kai mata."

Na ji tsoro. Na ɗauko leda ta ƙarshe daga kabad, na ɗaga ta a taga na nuna masa ruwan da ke gindinta. Na ce wannan magani ne, shi yake hana jini daskarewa, amma don cikakkiyar leda aka auna shi, kuma irinsa gaba ɗaya yana cikin ɗan jinin Bukar. Na ga maganar ba ta shige shi ba. Na ce, "Baba, takin zamani na gona guda, in ka juye shi a fangalin iri fa?"

Ya tsaya. Ya kalli ledar Bukar, ya kalli sabuwar. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ƙonewa zai yi." Ya koma kujera ya zauna, kuma tun da ya shigo sai lokacin ya sauke idonsa ƙasa.

A nan likita ya fito daga tiyata. Ya ji bayani a tsaye, ya taɓa hannun Bukar, ya ce ko ɗigo kada a ƙara ɗiba a jikinsa yau. Ya aika cikin gari ko za a samu wani, amma duk mun san kafin a samo, a lallasa, a gwada, lokaci ya ƙure. Sai tsohon ya naɗe hannun rigarsa.

"Ni ba ka gwada ni ba."

Na ce, "Baba, shekaru."

"Wa ya tambaye ka shekaruna? Na ce maka jinina ne duka. Gwada."

Na kalli likita, ya ɗaga mini kai. Na soki yatsan tsohon, fatar kamar ƙirgi, sai da na sake sokawa. Na ɗiga shuɗi, na ɗiga ruwan ɗorawa, na juya tayil. Duk muka sunkuya a kai, har uban yarinyar da yake zagina ɗazu. Jinin ya zauna sumul. Likita ya auna tsohon, ya saurari ƙirjinsa, ya ce cikakkiyar leda ba za ta yiwu ba, amma zai iya rabi, kuma rabi ya ishi yarinyar. Aka ba shi kunu yana sha, ni kuma na haɗa jininsa da nata, suka zauna lafiya.

Abin da Mista Yohanna ya nuna mini shekarun baya ya yi rana. Na wanke hannu har gwiwa, na rufe taga, na buɗe murfin allurar, na riƙa matsa ledar a hankali maganin yana ɗiga cikin sirinji mai awo. Sista ta riƙe mini sirinjin. In iska ta koma ciki an gama, in na zubar fiye da rabi jinin zai daskare, kuma babu wata ledar a asibitin gaba ɗaya. Da rabi ya fita na matse tiyon, na ɗauki biro na ja layi a fuskar sikeli, inda tsinkensa zai tsaya. Na nuna wa tsohon layin.

Jijiyar tsoho tana gudu a ƙarƙashin fata, sai ka danne ta da babban yatsa kafin ka soka. Na yi bisimilla, allura ta shiga. Jinin ya riƙa zuwa a hankali, ya tsaya, na ce ya dunƙule hannu, ya sake tahowa. Ɗakin tsit, sai numfashin Bukar a ɗaya gadon. Sista tana kai-kawo tsakaninmu da ɗakin yara, duk shigowa in kalli fuskarta, ita kuma ta kalli sikeli. Can ta dawo ta tsaya a ƙofa ta haɗa hannuwa a ƙirji, leɓenta yana motsi. Ban tambaye ta ba, don ba na son jin amsar.

Da tsinke ya hau layi na matse tiyo. Tsohon ya damƙe wuyan hannuna da ɗaya hannunsa.

"Cika ta."

"Baba, ya isa."

"Na ce ka cika ta. Ni ba na ganin jiri. Ka ba ta da yawa ta tashi."

Na ce, "Maganin rabi ne yanzu. In na cika ta, guda za ta zama kafin mu kai ƙofa."

Ya daɗe yana kallona. "Kai kullum a'a ce a bakinka?"

Na ce yau dai haka ta kama. Ya sake ni.

Bai yarda ya kwanta ba, sai da ya rako ledar yana dafe da auduga a hannu. Sista ta sha wahalar samun jijiya a hannun yarinyar, sai a ƙafa ta samu. Aka saki jini ɗigo-ɗigo, don in aka yi sauri zuciyar da ta gaji ba za ta ɗauka ba. Ni yatsunta nake kallo da leɓenta, labarin jaririn nan yana kaina. Yatsun ba su ƙanƙame ba. Aka kira la'asar tana numfashi. Can wajen faɗuwar rana numfashin ya lafa, ta buɗe ido ta ce wa uwarta a cire mata abin nan, ƙafarta tana ciwo. Uwar ta fashe da kuka. Ni fita na yi na zauna a dakali.

A nan Baba Maina ya same ni, ya ce ina jinin Bukar? Na ce yana nan, za a kai ramin da muke ƙona shara. Ya ce, "Jinin mutum a shara? Ba ni." Ba a fita da leda daga asibiti, saboda haka muka zagaya bayan ɗakin gwaji, gindin wata darbejiya. Ya ari fartanya wurin mai shara. Na ce in haƙa masa, ya ƙi. Da hannun da aka ɗebi jini ya haƙa, ya sa ledar ya rufe, ya daddanne da ƙafa. Ya ce, "Wannan ni na ɓata shi, ba kai ba."

Washegari wani ya zo daga ƙauyen ya ce jinga ta ɓalle, ruwa ya shafe shinkafar gaba ɗaya. Da Bukar yana can zai iya toshewa ko ba zai iya ba, Allah kaɗai ya sani, kuma tsohon bai taɓa tayar mini da maganar ba. Abin da na sani gidan sun sha wuya a shekarar, Bukar sai da ya tafi kamun kifi tafkin Chadi kafin su ga ƙarshenta. Saboda haka in mutum ya tsaya yana ja da ku a kan leda, kada ku yi saurin ce masa jahili. Ku fara jin abin da ya baro a gida, in kuma a'a ce ta kama, ku faɗa masa da dalilinta.

Daga baya leda ta wadata, ƙanjamau ya zo gwaje-gwaje suka ƙaru, kafin ƙarshen shekarun casa'in har firjin kananzir ya yi ritaya ya bar ni. Falmata kuwa kusan duk damina sai an kawo ta, haka sikila take, dashen ɓargo a lokacin ko labarinsa ba mu ji ba. Amma zuwansu na bayan wannan shi ne ba na mantawa. Damina ta zagayo aka sake kawo ta, jikin bai kai wancan tsanani ba. Bukar ya shigo yana murmushi, ya ce yau ya ci tuwo har ya ƙoshi, in ban yarda ba in taɓa cikinsa. Na jawo kujerar manya na kakkaɓe ta, na leƙa baranda na ce, "Baba, bisimilla, shigo ka gani da idonka."

Yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, ya cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa. Ko motsi bai yi ba.

"A'a, Likita, yi aikinka. Hannun nan nawa ba shi da haƙuri, bari in zauna a kansa har ta cika."